Tsofaffin ƙasar Sin da kula da lafiya: abin da muka gani da idonmu

Ɗan kasuwa daga Kano:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina zuwa Guangzhou saro kaya, kuma idan na sauka a unguwar Xiaobei nakan taka zuwa lambun Yuexiu bayan sallar asuba, amma kullum sai na tarar tsofaffi sun riga ni. Wasu suna motsa jiki irin na Taici a tsanake, wasu suna tafiya da baya, wani dattijo mai furfura kuwa ya rataye jikin ƙarfe yana lilo. Mahaifina yana fama da hawan jini, kuma tun da ya bar kasuwa ba ya wuce tabarmar ƙofar gida, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka zauna can su faɗa mana abin da suka lura.

Ɗaliba a Wuhan:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsohuwar da muke maƙwabtaka da ita ta haura saba'in, ba ta shan ruwan sanyi ko da zafi ya tsananta, kuma ba ta rabuwa da flas ɗinta. Da safe kunun shinkafa take sha, ta tafi cefane da ƙafa, da yamma ta ɗauko jikanta daga makaranta, bayan magariba kuma ta shiga sahun matan da ke rawa a dandali. Ranar da ba ta fito ba, ƙawayenta biyu suka zo har ƙofa suna ƙwanƙwasawa, kuma ni wannan ya fi taɓa zuciyata.

Likitan da ya yi karatu a Beijing:
Na ga irin wannan a lambun Tiantan, sai dai kada mu ɗauka komai nasu abin koyi ne, domin tsofaffin maza da yawa suna shan taba sosai, abincinsu yana da gishiri, kuma shanyewar ɓarin jiki na cikin cututtukan da suka fi kashe mutane a ƙasar. Alhaji, a rage wa Baba gishiri, ya riƙa shan maganinsa a kan lokaci, sannan a samo masa abokin tafiya, domin tsoho ba ya jure tattaki shi kaɗai.

Ɗan kasuwa daga Kano:
Na gode, Likita. Akwai amininsa da suke sallah tare. Gobe in Allah ya yarda zan roƙe shi su riƙa zuwa masallacin da ke gaba da namu da ƙafa.