Neman shawara: na wanki zinare a fegin wani a Kalifoniya, ya ɗauki lambar motata

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin dokar ƙasar nan ku taimaka, barci ya ƙaurace mini.

Ina zaune a Sakaramento, aikin dare nake yi a wani sito. Likita ya ce sukarina ya fara hawa, in riƙa motsa jiki, ni kuma gudu a kan inji ba ya yi mini. Akwai wani dattijon Bature abokin aikina, mutumin kirki, har sunan Ummi ya zo ya ci waina, shi ya ja ni wani kulob na masu wankin zinare don nishaɗi. Kana biyan kuɗin shekara, su ba ka kati da littafin taswirar filayen da suka yi wa rajista. Na sayi faranti da shebur da ɗan akwatin tace yashi. Maman Ummi tun farko ba ta so, wai kuɗin rufin ɗakin Hajiya a Kano na kwashe na zuba a rafi, alhali na rufin daban na ajiye.

Asabar ɗin nan dattijon bai samu zuwa ba, na tafi ni kaɗai can wajen kogin Yuba. Na tarar wurin kulob ya cika, sai na ɗan gangara gaba. Ina cikin wanki wani mutum ya ɓullo da kare yana ta faɗa, wai feginsa ne. Na ce masa filin gwamnati ne, ga katina. Ya ɗauki hoton lambar motata ya ce zan ji daga hukuma. Abin da na samu ɗan garin zinare ne a gindin kwalba. Ga shi ina shirin shigar da takardun zama ɗan ƙasa. Wannan zai ɓata mini? Kuma dattijon ya ce in shiga cikinsu, mu takwas, mu yi rajistar fegin kanmu. In shiga?

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka malam, barazana ce kawai. Filin gwamnati na kowa ne, kai ma haraji kake biya. Ya gan ka baƙar fata ne. Da ni ne, a makon nan zan koma in ga abin da zai yi.

Kawu Finiks: Ɗan Kurna, kada ka tura yaro cikin wuta. Baban Ummi, saurare ni da kyau, na daɗe a Arizona ina wannan harka. Hukumar filayen tarayya, BLM, tana riƙe da eka kusan miliyan 245, galibi a yammacin ƙasar. Amma akwai dokar haƙar ma'adinai ta 1872 da har yau take aiki. Idan mutum ya yi rajistar fegi, ƙasar tana nan ta gwamnati, kana iya ratsawa ka wuce, amma ma'adinin ciki nasa ne. Ka ɗebi ko ɗan ƙanƙani, hakkinsa ka taɓa. Katin kulob ɗinka ba ya aiki sai cikin iyakar fegin kulob. Da ka gangara, ba ka ga turaku ko allo a jikin bishiya ba?

Baban Ummi: Kawu, ai ba nisa na yi ba. Kuma littafin bai nuna iyakar sosai ba, zanen hannu ne. Ni ba ɓarawo ba ne, kuɗina na biya.

Kawu Finiks: Tambayarka na yi ko ka ga allo.

Maman Hanif: Ni dai Maman Ummi nake tausaya wa. Nawa maigidan kamun kifi ne. Lasisi, ƙugiya, man mota, sannan mu dawo mu sayi kifi a kanti. Asabar ɗaya ce da mutum a mako, yara ba sa ganinsa, Islamiyya ni kaɗai ke kai su in ɗauko. In ka yi magana a ce likita ne ya ce.

Ɗan Anka: Allah sarki, wai zinare abin nishaɗi. Mu a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gidaje ake niƙa dutsen zinare. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kankare ƙasar garuruwa irin su Dareta da Bagega. A 2019 gwamnati ta hana haƙar gaba ɗaya a Zamfara, talaka ya ajiye diga, masu bindiga kuwa ba su fasa ba. A Najeriya ma'adini duk na gwamnatin tarayya ne, ko a gonar ubanka yake. Ku a nan har kati ake ba ku. Ka dai kiyayi zaiba da ake kama garin zinare da ita, kada wani ya ce ka ƙona ta a kicin.

Kawu Finiks: Maganar zaiba gaskiya ce, kogunan nan na Kalifoniya har yanzu akwai ragowar wadda masu haƙar ƙarni na 19 suka zubar. In ka ga zinarenka ya yi fari-fari, kada ka sa masa wuta. Mu koma kan batu. Ka shiga shafin rajistar BLM, ka duba ko fegin mutumin yana raye. Kowace shekara sai an biya kuɗi, ko a shigar da takardar neman afuwar kuɗin, kafin ranar 1 ga Satumba ta wuce, in ba haka ba ya faɗi. Akwai masu tsaron fegin da ya mutu tuntuni. In yana raye, ka sa shugaban kulob ya kira shi, ka mayar masa da garin, ka ba shi haƙuri. Magana ta mutu.

Malama Hadiza: Kawu, da girmanka, ban yarda ya je ba. Mayar da shi tamkar amsa laifi ne da bakinsa. Mutumin da ke shirin rantsuwar zama ɗan ƙasa ba ya motsi sai ya ga lauyan shige da fice. Hoton lambar mota ba tuhuma ba ce, amma kada ya ƙara wa kansa. Ya rubuta abin da ya faru tun bai manta ba, ya yi shiru.

Kawu Finiks: Lauya zai caje shi abin da ya ninka zinaren sau ba adadi. Na san mutanen dajin nan, girmamawa suke so.

Baban Ummi: Ni fa ba na jin zan ba shi haƙuri, shi ya fara zagina. Lauya kuma yanzu ba hali. Batun mu takwas ɗin nan ba wanda ya ce komai.

Kawu Finiks: Dalilin takwas, mutum ɗaya eka 20 doka ta ba shi a fegin yashi, takwas in sun haɗu su kai 160. Sunanka suke bukata ya cike lissafi. Dokar kuma ta ce ɗan ƙasa ko wanda ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, don haka ka san matsayinka kafin ka sa hannu. Sannan ka tambaye su da me za su yi aikin, don injin zuƙo yashi daga cikin kogi Kalifoniya ta dakatar da shi tun 2009. In motsa jiki kake so, ga Koloma kusa da kai, inda wani mai suna James Marshall ya tsinci zinare a 1848. Akwai gefen kogin da aka ware wa jama'a, hannu da faranti kawai, ba mai kare.

Baban Ummi: Koloma 'yan makaranta ake kaiwa, an wanke wurin tas. Dattijon nan ba zai cuce ni ba, na san shi. Kuma zinare ya haura dala 3,000 kowane oza a 2025, ba wasa ba ne kamar yadda kuke ɗauka.

Maman Hanif: To ashe ba sukari ba ne.

Ɗan Kurna: Wani ya san hukuncin zakkarsa? Na ji wai ɗaya bisa biyar ake fitarwa.

Ɗan Anka: Wannan na dukiyar da aka binne ne, ko curin da aka tsinta ba wahala. Na wanki sai ya kai nisabi, wajen giram 85. Bari ya cika kwalbar tukuna.

Malama Hadiza: Baban Ummi, har yanzu ba ka amsa ba. Akwai allo ko babu?

Baban Ummi: Akwai wani abu a jikin bishiya, amma ya koɗe. Zan yi magana da dattijon in mun haɗu a aiki yau da dare. Wa ya san yadda ake duba shafin nan a waya? Yana ta tambayata wasu lambobi.