Masu ciwon Crohn, me aka fara ce muku kuna da shi?

Maman Ilham, Kano: Salamu alaikum 'yan uwa. An tabbatar ƙanena yana da ciwon Crohn, kumburin hanjin nan da ke lafawa ya sake tashi. Kafin nan an ce taifod, an ce basir, har sassaƙe ya sha. Wani ma cewa ya yi ai ciwon Turawa ne, ba ya kama mu. Ku yaya naku ya fara?

Abu Sadik, Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni tibin hanji aka ce. Na shanye maganin wata 6, fitsarina ya koma ja kamar zoɓo, amma rama sai gaba take, wando ma sai na ɗaure da igiya. Daga baya aka zura kyamara ta dubura, aka ɗebo ɗan naman hanji aka gwada, aka gano Crohn ne. Ban ga laifin likitan ba. Cututtukan biyu duk sun fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, a hoto ma kama suke, kuma a wajenmu tibi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Maganin Crohn danne garkuwar jiki yake yi, in aka ba mai tibi an ƙara masa wuta.

Ummu Yasmin, Ingila: Batun ciwon Turawa da ɗan ƙamshin gaskiya, don an fi samunsa a arewacin Turai da Amurka da Kanada, musamman cikin Yahudawan Ashkenazi, wato waɗanda kakanninsu suka zauna a tsakiya da gabashin Turai. Amma 'yata nan aka haife ta, Bahaushiya gaba da baya, tana shekara 13 ya kama ta. Likitanta ya ce 'ya'yan baƙi da suka tashi a nan sun fi iyayensu kamuwa. Ita ba da gudawa ya fara ba. Tsawo ta daina yi, jininta ya yi ƙasa, ga gyambon baki.

Ɗan Damagaram: Nawa ƙurji ne a gefen dubura, ya fashe ya yi ta yoyon mugunya. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa, ina ta shan Diclofenac, maganin rage zogi, ashe ƙara tayar da Crohn ɗin yake. Hajiya, in ƙanen naki yana shan sigari, ya bari yau.

Maman Ilham: Ba ya sha, Alhamdulillahi. Azumi fa, kuna iyawa?

Abu Sadik: In ya lafa ina yi. Shekarar da ya tashi likita ya hana, na rama daga baya.