Shin dogon azumi yana kashe ciwon daji (kansa) da yunwa?

Malam Nura, Samaru: Jama'a, ana ta yawo da saƙon cewa in mai ciwon kansa ya kwana bakwai a kan ruwa zalla, ƙwayar cutar za ta mutu da yunwa. Ni dai na ji ƙamshin gaskiya. Tun shekarun 1920 Otto Warburg ya lura ƙwayar kansa tana da haɗamar sukari. A 2008 kuma Valter Longo a Amurka ya hana ɓeraye abinci awa 48, suka fi jure kemo mai ƙarfi, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa.

Dakta Hauwa: Malam, azumi ba ya ƙarar da sukarin jini. Ajiyar hanta takan kai kamar yini guda da kwana, daga nan jiki ya soma narka kitse, ya kuma yagi tsoka ya ƙera sabon sukari, don jajayen ƙwayoyin jini ba su da wani abinci sai shi. Ƙarin kansar zai ɗebi rabonsa, mara lafiya ne zai zube. Dubi masu zuwa asibitin koyarwa na Shika: da yawa ciwo ya ci jiki, wuya ya zurma, zobe yana faɗuwa daga yatsa. Irin wannan ramar kan sa a rage kemo ko a ɗage shi.

Malam Nura: To binciken Holan na 2020 fa, Dakta? Mata 131 masu sankarar mama.

Dakta Hauwa: Ba azumin ruwa suka yi ba. Abinci ne ɗan ƙanƙani da aka auna, kwana uku kafin kemo da ranar kemon, kuma tare da kemon aka yi shi, ba a madadinsa ba. An ga alamar ƙarin ya fi motsewa a hoto, amma yawancinsu sun kasa kai tsarin ƙarshe. Bai nuna tsawon rai ba.

Aminu, mai harhaɗa magani: Kada a haɗa da azuminmu na Ramadan, wanda ba a shan ruwa. Cisplatin, ɗaya daga magungunan kemo, yana taɓa ƙoda, shi ya sa ake ƙarin ruwa kafin a sa shi da bayansa. Mai shan glibenclamide, maganin ciwon sukari, kuma sukarinsa zai iya faɗuwa ya suma.

Hajiya Binta: Ƙanena, ka manta buɗe-baki. Wanda ya kwana biyar bai ci ba, ya afka wa tuwo da kunu, insulin, sinadarin da ke sarrafa sukari, zai ja gishirin fosfet da fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, bugun zuciya ya rikice. Da kaɗan ake farawa, ana auna jini kullum.

Malam Nura: Na janye batun kwana bakwai, amma gajeren nan kafin kemo ban sake shi ba.

Dakta Hauwa: Mai jiki, marar ciwon sukari, ya kawo maganar gaban likitansa a auna shi. Wanda ya riga ya rame, ƙwai da wake da madara nake rubuta masa.