Neman shawara: aikina na tafiya a x86, amma yana tuntuɓe a ARM64

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a cikin kernel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kwamfuta. Core ɗaya (ɗaya daga cikin sassan processor da ke aiki a lokaci guda) yana ware ƙwaƙwalwa, ya cika ta da bayanai, sannan ya rubuta pointer, wato adireshin inda bayanan suke. Core na biyu yana karanta pointer ɗin ba tare da kulle (lock, mai hana biyu taɓa bayanai a lokaci guda) ba. A processor irin x86 lafiya lau. A processor irin ARM64 kuwa, jefi-jefi mai karatu yakan bi pointer ya tarar da tsoffin bayanai. Na sa kalmar volatile ta yaren C, bai hana ba. Don Allah ina mafita?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Compiler, mai fassara code zuwa yaren na'ura, kaɗai volatile yake tsawatar wa, processor bai san da zamansa ba. x86 ba ya barin rubutu na baya ya riga na gaba bayyana, shi ya sa matsalar ta ɓuya. ARM64 bai ɗaukar maka wannan alkawari ba, don haka pointer na iya isa kafin bayanan. Sa smp_store_release() wajen rubuta pointer, smp_load_acquire() wajen karantawa. Waɗannan shinge ne da ke tilasta wa processor bin jeri, kuma shingen hannu biyu ne, ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kernel kansa haka yake yi: kafin ya haɗa sabon page table (taswirar adireshin ƙwaƙwalwa), sai ya sa smp_wmb(), don kada wani core ya gan shi ba a gama share shi ba.

Gaskiya Malam ya faɗa, amma da sauran rina a kaba. Yaushe za ka saki ƙwaƙwalwar? In ka kira kfree() don sakin ta alhali wani na tsakiyar karatu, babu shingen da zai cece ka. Aikin RCU (Read-Copy-Update) ke nan, dabarar da ke barin a yi karatu ba kulle, wadda ke cikin Linux tun 2002. Rubuta da rcu_assign_pointer(), karanta da rcu_dereference() a cikin rcu_read_lock(), sannan ka saki da kfree_rcu(), wanda ke jira har tsoffin masu karatu su fita.

Ni tambayata, dole ne sai ba kulle? In ba wurin da ake bi dare da rana ba ne, kulle irin spinlock ya wadatar, kuma wanda zai gaje ka zai gane shi. In dole ne, kunna KCSAN, mai gano inda core biyu ke karo a kan bayanai, yana nan tun Linux 5.8.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Karatun ya fi rubutun yawa nesa ba kusa ba, don haka RCU zan bi.