Ɗan riƙo mai wata 20 ya ƙi abinci, yana farkawa da kuka

Maman Yasir: Salamu alaikum. Marayan ƙanena aka ba ni riƙo, watansa 20. Sati biyu ke nan, abinci sai ya kawar da kai, cikin dare ya tashi da kuka. Ta ina zan fara?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinsa. Ki karɓo katin rigakafinsa, ki duba ko an yi masa allurar ƙyanda ta biyu, ta wata 15. A asibitin sha-ka-tafi a auna damtsensa: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, a nan za a ba shi magani. Ki nemi bitamin A da maganin tsutsar ciki. Albendazole rabin ƙwaya ake ba wanda ya kai shekara ɗaya amma bai kai biyu ba, wato miligiram 200.

Hajiya Babba: 'Yata, ƙuiya ce da kewa. Kuskuren da ake yi, kowa ya shigo sai ya ɗauke shi. Ke kaɗai ki riƙa yi masa wanka, goyo da shimfiɗa, na wata guda aƙalla. Ki tambayi abin da ya saba ci, ko kunun gyaɗa ne ko faten wake, ki zuba kaɗan a kwanonsa sau huɗu ko biyar a rana. Ban da ɗura, tana sa ya ƙware, ya kuma tsani cokali. Idan akwai zanin da aka saba goya shi da shi, ki shimfiɗa masa.

Malam Na Tudu: Maman Yasir, wajen yin takardar haihuwa sunan mahaifinsa za a rubuta, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta. Riƙo ba ya jawo gado, amma ana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba.