Neman shawara: fito da mai rauni daga mota a ƙofar sashen gaggawa

Assalamu alaikum. Sabuwar nas ce ni a sashen gaggawa. Galibin masu hatsari a motar gida ko adaidaita sahu ake kawo mana su, kafin mu ƙaraso dangi sun fara jan hannu da ƙafa. Don Allah yaya ake fito da su ba a ƙara musu rauni ba?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Sista. Direba ya kashe mota ya ja birkin hannu, ke kuma ki sa safar hannu ki dakatar da dangi. Dubawar farko a cikin motar ake yi: yana numfashi? Yana amsa magana? Jini na tsartuwa? In hannu ko ƙafa ne kuma dannewa bai tsayar ba, a ɗaure tam kamar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ko wata mahaɗar ƙashi ba, a rubuta lokacin.

Amsa ta biyu: Ƙanwata, wuya shi ne abin tsoro. Ƙashi zai iya karyewa laka tana lafiya, ɗaukar ganganci ce ke gocar da shi ya danne ta, mutum ya shanye. Mutum ɗaya ya shiga ta baya ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki, a sa masa kwalar wuya, wato abin da ke hana wuya motsi. Mai riƙe kan shi ke ba da umarni, "ɗaya, biyu, uku", kuma ba ya saki. A kawo gadon turawa dab da ƙofa, a taka birkinsa, a zura katakon baya, wato wanda ake kwantar da mai rauni a kai don kada bayansa ya lanƙwashe, ƙarƙashin mazaunai, a juya mai raunin gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu tare. Aikin mutum huɗu ne, in biyu suka yi baya zai iya lanƙwashewa. In ana zargin karayar ƙugu, a ɗaure ƙugun da zanin gado daidai inda cinyoyi suka haɗu da shi, ba a kan cikinsa ba. Da an isa ciki a cire katakon, daɗewa a kansa na jawo gyambo.

Amsa ta uku: Ƙari kaɗan, ranki ya daɗe. Wanda ke cikin hayyacinsa, ba maye, yana motsa gaɓoɓinsa, gara ya fito da kansa a hankali ya kwanta. Wanda kuma ba ya numfashi ba a jiran katako: a zura hannu ta hammatarsa daga baya, a tallabi kai, a fitar da shi a fara danna ƙirji. In mai raunin na sanye da hular kwano, mutum biyu ke cire ta.