Doki 700 a motar titi: wace giya ce za ta ɗauka?

Mai Tabo: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau sai na faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya ɗauko injin LS na kamfanin GM na Amurka mai lita 6.0, ya ɗora masa tabo (na'urar da ke tura wa inji iska don ƙara ƙarfi), ya kai shi ƙarfin doki 700, sannan a ce masa ya bar giyar otomatik 4L60E a bayansa, wai a canza faiba (fayafayan kuloci) kawai za ta ɗauka. Wallahi wannan cuta ce. Giyar da GM ya yi wa iyaka kusan Nm 490 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), inji kuma yana murɗa sama da 830? Faiban giya ta uku da ta huɗu ne ke fara ƙonewa, mai ya yi baƙi yana ƙauri. In ba shi ba, kwanon nan na san-giya ya tsage, ta biyu da ta huɗu da ribas su ɓace rana ɗaya. Maganata ɗaya ce: duk giyar da ke da waya da ƙwaƙwalwa (kwamfuta) ba ta wannan aikin ba ce. Motar titi mai doki 700, TH400, tsohuwar giyar GM mara waya, ce maganinta. Wanda bai yarda ba ya fito.

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam. Oga, ka ce motar titi kuma ka ce TH400? Wane titin? Giya uku ce da ita, 2.48 da 1.48 da 1.00, ba obadiraif (giyar sama mai rage juyin inji), kwanbatarta (abin da ke haɗa inji da giya ta hanyar mai) kuma ba ta kulle. Ɗauki taya mai tsayin inci 26 da aksil 3.73 (farfela ta juya sau 3.73, taya sau ɗaya). A kilomita 100 a awa tayar na zagaye kusan 800 a minti, inji kuma 3000, ka ƙara santsin kwanbata ya zama 3200. Kano zuwa Abuja sama da kilomita 400 ne. Wa zai zauna cikin wannan ihun, da tsadar fetur ɗin nan? Wannan ba motar titi ba ce, motar fili ce da aka saka wa lamba.

Mai Tabo: Ni da na ce titi ban ce tafiyar Abuja ba. Mai doki 700 ba haya zai ɗauka ba. Titi shi ne cikin gari, ka fito da yamma, ka zaga, ka koma gida.

Ɗan Panteka: To cikin garin ma ai shi ya fi muni. Gosulo a watan Afrilu, kwanbata mai sitol 3500 (juyin inji da take kaiwa kafin ta kama sosai) tana ta santsi ba kullewa, duk santsin nan zafi yake zama a cikin mai. Man giya na son digiri 80 zuwa 95. Ya wuce 120 ya fara lalacewa, roba ta bushe, faiba ta yi ƙyalli.

Rewaya: Motar da ba za ta tsaya a danja da iyakwandishan a kunne ba tare da ta mutu ba, kar a kira ta motar titi.

Mai Tabo: Kai kuma wa ya sa iyakwandishan cikin zancen giya?

Malam Direba: Ku yi haƙuri in sa baki. Kalmar nan ta titi da kuke ja a kanta, titi na jama'a ne. Akwai adaidaita sahu, akwai yara 'yan makaranta, akwai mai tura ruwa. Wanda ya haɗa doki 700 ya fara gyara birki da taya kafin giya, gwajin gudu kuma a nemi rufaffen fili. Rai ba ya da sifiya.

Baba Injiniya: Malam ya yi gaskiya. Amma ku saurara. Rigimar nan GM ya raba ta tun 1991. TH400 ta fito a 1964, 4L80E kuma 'yarta ce: giya ukun farko iri ɗaya ne sak, aka ƙara ta huɗu 0.75 da kwanbata mai kullewa. Lissafin da ɗana na Panteka ya yi, da ita zai sauko kusan 2250. Ga abin da ake yi mata. A nemi ta 1997 zuwa sama, wadda bakin bututun kula (mai sanyaya man giya) ɗaya ya koma baya, domin mai ya fi isa ga giyoyin baya. A sa kit ɗin TransGo HD2 a falbodi (gidan bawulolin da ke raba mai) don ƙara firesha da saurin kamawa. A yi wa kulocin darek hanyar mai biyu, mai ya tura fistan gaba ɗayansa a giya ta uku maimakon wani ɓangarensa. Wannan gyaran kusan kyauta ne, kuma shi ke hana ta uku ƙonewa. In ana son wuce 700, a canza shaf ɗin gaba zuwa na ƙarfen 300M, a canza hob ɗin gaba. Kwanbata mai faifan kulli uku, sitol 3000 zuwa 3400 gwargwadon girman tabo. Mai faifai ɗaya kar a bari ta kulle alhali totur na ƙasa, za ta ƙone.

Mai Tabo: Baba, ranka ya daɗe, ita ma 4L80E iyakarta a takarda kusan Nm 600 ne. Ina 600 ina 830?

Baba Injiniya: Wannan iyakar ta manyan motoci ce, a-kori-kura da bas masu jan kaya shekara da shekaru. A mota mara nauyi taya kan saki kafin ƙarfe ya karye. Kuma TH400 ɗin da kake yabo, ƙarafan cikinsu dangi ɗaya ne. Ka kuma manta da abu guda: TH400 da iskar da inji ke tsotsa take sanin nauyin ƙafarka, ta wannan ɗan gwangwanin modileta. Tabo kuwa tura iska yake yi. Sai dai ka sa bawul mai hana iskar tabo isa gare shi, ko ka koma falbodi na hannu, ka riƙa canza kowace giya da kanka. To in da hannu za ka canza, ina otomatik ɗin?

Ɗan Panteka: Ka ji ko. Motar titi da ake canza wa giya da hannu a kowace danja.

Rewaya: Da TH400 da 4L80E duk kayan jiya ne. Baba bai faɗi nauyinta ba: 4L80E ta haura kilo 100, TH400 kusan 60. Sai an daki ramin giya da guduma kafin ta shiga ƙaramar mota, a yanke farfela, a sa yok mai haƙori 32 a madadin 27, a ƙera sabon mariƙi. Giyar ZF 8HP70 ta Jamus ba ta kai kilo 90 ba, an yi ta don Nm 700, giya takwas daga 4.71 zuwa 0.67. Yayarta 8HP90 ce a bayan Dodge Hellcat mai doki 707 tun daga kamfani. Ku duba abin da ke faruwa in an canza giya a 6000: TH400 daga ta ɗaya zuwa ta biyu inji ya faɗo 3580, ZF kuwa 4000, tabo bai saki ba. Da aksil 3.08 kana kilomita 100 inji na 1650 kacal. Wannan ita ce titi.

Baba Injiniya: Yaro, Nm 700 ma ai bai kai 830 ba.

Rewaya: Baba, lokacin da aka kawo 600 na taka giyar ka ce takarda ce. Yanzu takarda ta zama hujja? Kuma ni ba yaro ba ne.

Ɗan Panteka: Kai, ka iya bakinka. Baba ya haife ka.

Rewaya: Ban zage shi ba. Lamba na kawo.

Ɗan Kofar Ruwa: Ku bar maganar yaro, ga tambaya. ZF ɗin in ta tsaya a Gusau ko Potiskum, wa zai taɓa ta? Ƙwaƙwalwarta na cikin kwanon mai, ba ta jin yaren ƙwaƙwalwar LS sai an sayo na'urar sarrafa giya ta TurboLamik ko CANTCU, a ƙera farantin haɗi, a yi tunin da kwamfuta. Ba ta da sandar duba mai. Sai an ɗaga mota a daidaice, inji a kunne, mai tsakanin digiri 30 da 50, a cika ta ramin gefe har ya ɗiga. Man nata kuma Lifeguard 8 ne, ba jan man da ake aunawa a galan ba.

Rewaya: Ita 4L80E ɗin cike take a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano? Motocin Amurka nawa ne a ƙasar nan? BMW da Range Rover masu ZF sun fi su yawa a kasuwar Ladipo ta Legas nesa ba kusa ba.

Ɗan Kofar Ruwa: Abin da babu a Kofar Ruwa ana sauke shi cikin sati. Ku 'yan Kaduna ai wurinmu kuke zuwa.

Ɗan Panteka: Wa ke zuwa wurinku? Abin da kuke sayarwa a kwali, mu ƙera shi muke yi.

Ɗan Kofar Ruwa: Ƙera mana solinoyid mu gani.

Ɗan Marsandi: Ana ta Amurka da BMW an bar wadda ke gaban kowa. 722.6 ta Mercedes, giya biyar, ita ce a bayan E55 AMG, ita ce a bayan V12 mai tabo biyu na S65 da ke murɗa Nm 1000. Babbar, W5A580, 3.59 zuwa 0.83. Ciwonta sananne ne kuma mai arha: soket mai fil 13 na yoyo, mai ya bi waya har ƙwaƙwalwa, sai farantin sansa da ke kan falbodi. Duk bakaniken Marsandi ya san su. Motar titi ita ce wadda za a iya gyarawa a bakin titi.

Mai Tabo: Ta S65 ba irin ta E320 da ake samu a kasuwa ba ce, yawan faiban cikinsu ba ɗaya ba ne. Kar ka ruɗi mutane.

Ɗan Marsandi: Ai na ce babbar. Karanta da kyau.

Baba Injiniya: Abin da ke kashe giya, kowace iri ce, ba ku taɓa shi ba. Kula. A sa mai faranti a gaban lagireto, bututu inci 3/8, da fanka tata, da agogon zafi mai sansa a kwanon mai. Kuma in tsohuwar giya ta ƙone, garin faiba da ƙarfe na nan maƙale a kula da bututu da kwanbata. A canza kula, a wanke bututu, kwanbata a yanka ta a gyara ko a sa wata. In ba haka ba, sabuwar giyar za ta sha dattin tsohuwar cikin kwanaki. Wajen haɗawa kuma, kwanbata ta zauna cikin famfo sosai, a ji ta faɗa mataki-mataki tana juyawa sakayau, a bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da fileksfilet (farantin bayan inji da ake ɗaure ta a kai) kafin a ja ta a ɗaure. Wanda ya ja giya da noti alhali kwanbata ba ta zauna ba, ya fasa famfo tun kafin a tayar da inji. Injin 6.0 na 1999 da 2000 doguwar karanshaf gare shi, na bayansu sai an sa sifesa. 4L80E busasshiya na shan kusan lita 13 na Dexron VI.

Rewaya: Kuma ƙwaƙwalwar LS sai an sauya mata fayil da wasu wayoyi, a ƙara sansar gudu ta gaba, kafin ta tuƙa 4L80E. Aikinmu ne wannan. Wato ita ma waya gare ta.

Malam Direba: Har yanzu ba wanda ya ce komai kan birki.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An yi ittifaƙi 4L60E ba ta ɗaukar doki 700. An kuma nuna da lissafi cewa TH400 ba ta titi ba ce. ZF tana da kyau a takarda amma wahalarta ta fi amfaninta, kamar yadda ɗan'uwanmu na Kofar Ruwa ya bayyana, kuma ba a ba shi amsa ba. Ta Marsandi ba a kawo hujja a kanta ba. Saboda haka matsayar zaure ita ce ta Baba: 4L80E ta 1997 zuwa sama, da HD2, da hanyar mai biyu, da kwanbata mai faifai uku, da babbar kula. Allah ya saka wa Baba da alheri.

Rewaya: Shugaba, na ba shi amsa, tana nan sama. Kuma wane ittifaƙi? Mutum uku ne suka ce 4L80E, da kai a ciki.

Ɗan Marsandi: Nm 1000 ba hujja ba ce?

Mai Tabo: Ni dai ban janye ba. A sa wa TH400 aksil 3.08, inji ya dawo kusan 2500 a kilomita 100, tabo ya samu nauyin da zai tashi da wuri. Ɗan Panteka, sake lissafin naka da wannan.

Ɗan Panteka: Ka manta santsin kwanbata, 2650 ne. Kuma har yanzu ba ka faɗa mana wane titin ba.